Faya-fayan ne babu, ko masu saurare? Muhawara kan rediyo da kiɗan gargajiya a Sakkwato

Bagobirin_Isa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah a ba ni amsa ta gaskiya, ba ta kare gida ba. Gidajen rediyo sun yi yawa cikin Sakkwato yanzu, ba irin dauri ba da a ka murɗa guda a zauna. Amma ka kunna tun hantsi hal la'asar: in ba 'yan siyasa ba, masu maganin basir, in ba su ba, waƙar fiyano. Ƙasar da tah hidda Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, mi yas sa sai dare ya raba ko ranar Salla a ka jin muryassu? Faya-fayan ne babu, ko masu saurare ne sunka ƙare?

DanMaradun:
Wa alaikumus salam. Kafin a amsa, a gyara zance tukuna. Ɗanƙwairo namu ne, ƙasar Bakura aka haife shi, Maradun ya zauna. Jankiɗi ɗan Rawayya ne. Sa'idu Faru, Kassu Zurmi, Sani Sabulu na Kanoma, kowa sunan garinsa na manne da shi. Narambaɗan ma ɗan Tubali ne, Tubali kuwa yau Zamfara take. Ku Sakkwatawa kun iya cin gadon da ba naku ba.

Bagobirin_Isa:
@DanMaradun, yaushe anka yi Zamfara jiha? 1996. Narambaɗa kau tun farkon shekarun 1960 yab bar duniya, kuma makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Isa ina take? Jankiɗi ya rasu 1973 shina Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ka tai Kanwuri, wajen fadar Sarkin Musulmi, ka ce musu ba nasu ba ne, in ji abin da za su ce maka.

Bakaben_Argungu:
Ku daina ja. Da ku da mu duk Lardin Sakkwato muke, aka zo aka yi Jihar Arewa maso Yamma 1967, aka yi Jihar Sakkwato 1976, mu na Kebbi muka fita 1991, Zamfara ta biyo baya. Makaɗi ba ya bin iyakar gwamna, ubangida yake bi. Aliyu Ɗandawo daga Shuni ya taso, ya yi wa Sarkin Kabi waƙa a Argungu, ya ƙare a Yawuri, ɗansa Sani ya ɗora daga can. To na wa ne? A koma kan tambayar bawan Allah.

Tsohon_Injiniya:
Salamu alaikum. Na yi aiki ɗakin na'ura na wani gidan rediyo har na yi ritaya, ba zan faɗi wanne ba. Bari in faro daga baya kaɗan, don yara da yawa a nan suna zaton Sakkwato ce ta ɗauki muryoyin nan tun farko.

Lokacin da Narambaɗa ke raye, babban wurin ɗaukar kiɗan Arewa Kaduna ne. Gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna 1962, ga kuma reshen NBC, gidan rediyon tarayya na lokacin, da ke can tun kafin nan. A 1978 aka yi wa NBC garambawul ta koma FRCN, tashoshin da take da su a jihohi aka miƙa wa gwamnatocin jihohi. Daga baya ne, 1992, aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu. Yau a garin nan akwai Rima ta jiha, akwai Royal FM ta tarayya, akwai masu zaman kansu irin su Vision da Garkuwa. Waɗannan na bayan ba su tarar da zamanin ɗaukar makaɗan fada ba, don haka ba su da rumbun da za su buɗe. Abin da ke wayarka shi ne ke kwamfutarsu.

Tsofaffin gidaje su ke da rumbu, kuma a nan ciwon yake. Tef mai zare muke amfani da shi, irin mai faɗi da ake naɗewa a faranti biyu. Tef ɗin nan yana son sanyi da bushewa. Ɗakin da muke ajiye su kuwa, in na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, sai ya sha zafin bazara, damina ta zo ya sha laima. Ka ɗauko faranti ka ga farin fumfuna ya bi gefensa, ka ja zaren ka ji ya manne da juna kamar alewar da ta yini a rana. In ka matsa ka sa a inji, baƙin garin da ke riƙe da muryar sai ya goge a kan na'urar, ka tashi da fallen roba.

Abin da ya fi wannan zafi, mu da hannunmu mun goge wasu. A ce gobe akwai taron gwamnati, babu sabon tef a sito, oga ya ce a ɗauko tsoho a ɗora a kai. Wa zai ce a'a? Saboda haka amsata ga Bagobiri: wasu faya-fayan suna nan, wasu sun ruɓe, wasu jawabin kwamishina ne ya hau kansu.

Ummi_Jamia:
Innalillahi. Baba Injiniya, wanda ya rage ɗin ba a iya ceto shi?

Tsohon_Injiniya:
Ana iyawa 'yata, in an samu inji mai lafiya da mai haƙuri. Matsalar, tef na minti 30 sai ka zauna masa minti 30, ba a yi masa gaggawa. Injinan kuma kayan gyaransu sun yi wuya, mu da muka san hannunsu muna ta ƙarewa.

MaiGabatarwa:
Ni ina cikin aikin yanzu, bari in kare mu kaɗan. Kowa na cewa ba ma son al'ada. Malam, janareto ba ya shan al'ada, gas yake sha. Awa guda da za ka ba Ɗanƙwairo kyauta, akwai mai maganin gargajiya tsaye bakin ƙofa da kuɗinsa a hannu. Manaja zai tambaye ka wa ya ɗauki nauyin shirin. In ka ce babu, an gama magana.

Sannan tsawo. Waƙar fada guda sai ta ci minti 20 ko fiye, ga amshi ana ta maimaitawa. Waƙar zamani minti 4 ko 5, ka sa talla, ka ɗauki waya. In na yanke ta fada a tsakiya, dattawa su kira su ce na yi rashin kunya. In na bar ta ta ƙare, yara su murɗa gaba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: zambo. Makaɗin fada ba yabo kaɗai yake yi ba. Yana ɗaga ubangidansa, yana kuma tsiya ga 'yan sarkin da suka nemi sarautar suka rasa. Ba ya kiran suna, amma zai siffanta mutum da tafiyarsa da gemunsa da rowarsa, duk garin an san da wa ake. Jikokin mutanen nan suna nan da ransu, wasu manyan mutane ne. An taɓa kirana bayan shiri aka ce kada in sake sa wata waƙa, don kakan wani ne aka yi wa habaici a ciki. Ni ban ma san da shi ake ba.

Bagobirin_Isa:
To ai nan daɗin yake! Waƙar fada in ka ɗebe zambo mi yar rage? Amma batun gas na yarda.

TaDikko_DakinKara:
Ku dai faɗi gaskiya, mutane Shata suke so. Har yau in an sa Shata a tasha ba mai cewa a canza. Ya rasu tun 1999 amma kasuwarsa ba ta faɗi ba. Naku sai an kawo tafinta kafin a gane abin da suke faɗi.

Bakaben_Argungu:
Ga Bakatsine ya shigo ba sallama. Yaro, ubangidanka na magana kana sa baki? Shata da kansa bai raina makaɗan ƙasar nan ba. Je ka kawo mini ruwa.

TaDikko_DakinKara:
Kabawa ke nan, kifi ya toshe muku kunne. 😂

Hajiya_Mabera:
Ku bar wasan taubasai ku ji. Ni abin da na tuna da rediyo ba fada ba ne, zaɓe ne. Muna 'yan mata, Zaɓi Sonka na Kaduna shi ne abin jira. Ka sayi katin zaɓe, ka rubuta sunanka da unguwarku, ka jero wanda kake gaisarwa, ka kai gidan waya. Ranar da aka karanto sunanka, duk layinku sai an zo an ce an ji ki. Akwai mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, amma sun san juna sarai ta zaɓe, har zumunci ya ƙullu. Waƙar da kuka ce ta fada ce, mu ta nan ta shigo mana tsakar gida. Mace a kulle ina za ta ga Jankiɗi? Akwatin rediyo ya kawo mata shi tana tankaɗe.

Amma ina da ƙorafi, kuma ku maza ba ku taɓo shi ba. Duk sunayen da kuka jero tun safe, ina mace? Kiɗan ƙwarya da ake yi gidan suna, shantu, waƙar daka da ake yi da luguden taɓarya, waƙar niƙa, waƙar da ake yi wa amarya daren da za a kai ta tana kuka. Wa ya shiga cikin gida da na'ura ya ɗauka? Barmani Choge ta samu shiga rediyo da talabijin, ita ma daga Funtuwa take. Kakata tana da waƙoƙin niƙa da ban ƙara jin su bakin kowa ba. Injin niƙa ya zo, dutsin ya tafi, waƙar ta bi shi. Ku naku ko ruɓewa ya yi an dai taɓa ɗauka.

Ummi_Jamia:
Wallahi Hajiya kin faɗi abin da ke raina. A sashen harsunan Najeriya na jami'ar Ɗanfodiyo akwai kundaye da yawa da ɗalibai suka rubuta kan makaɗa, har da waƙoƙin mata. Amma rubutu ne a takarda. Kalmomin suna nan, karin muryar babu. Kuma kundin yana kan kanta, mai gabatar da shiri bai san da shi ba.

Malam_Kanwuri:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni ban ga abin kuka ba don an rage kiɗa a rediyo. Garin nan da ilimi aka san shi, ba da kotso ba. In gado ake nema, ga waƙoƙin Shehu, ga na Nana Asma'u da ta rasu 1864, da Fulatanci da Hausa da Larabci. Jajinta, wato matan da ta koyar ta naɗa jagorori, su ke haddace su, su bi ƙauyuka suna koya wa mata 'yan taru. Babu ganga, babu roƙo, babu zagin kowa. Wannan ya kamata gidajen rediyo su ba lokaci.

DanMaradun:
Allah gafarta Malam, ba mai ja da wannan. Amma Sarkin Musulmi Abubakar ya yi shekara 50 kan gado, daga 1938 zuwa 1988, malamai na kewaye da shi, kuma da makaɗansa. Har gobe in za a yi hawa da tambari da kakaki da algaita ake yi. In duka haramun ne tsantsa da ba a kai haka ba.

Malam_Kanwuri:
Ban ce duka ba. Malamai sun rarrabe. Tamburan sarauta daban, wanda zai tsaya yana wasa ɓarawo daban.

Bakaben_Argungu:
Gambu yake nufi. 😂 Malam, ai shi ma ya tuba kafin ya rasu, ya bar waƙar ɓarayi. Kuma lura, Gambu ba ta rediyo ya yi suna ba, kaset ne ya yaɗa shi, daga tasha zuwa tasha. Wannan ma amsa ce ga mai tambaya: ba duk abin da jama'a ke ji ne ke bi ta gidan rediyo ba, tun da can.

Malam_Kanwuri:
Allah ya karɓi tubarsa. Magana ta dai tana nan.

Mai_Tura_Waka:
Da izinin manya. Ni sana'ata tura waƙa a waya, ina da ɗan tebur da kwamfuta bakin kasuwa. Wanda ya ce masu saurare sun ƙare bai zauna wurina ba. Direbobin manyan motoci, mahauta, masu kai albasa kudu, in sun miƙo memori cewa suke a cika da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace. Har samari yanzu suna zuwa neman wani ɗan yanki da suka ji an ɗora a TikTok kan bidiyon doki ko na hawan Salla, su ce a ba su cikakkiyar.

Damuwata ita ce ingancin abin. Yawancinsu daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma daga rediyo wani ya ɗauka, har kana jin muryar mai gabatarwa ta faɗo a kan waƙar, ko ƙarar cik inda aka juya kaset. Ga rikicin suna. Fayil guda a wurina an rubuta Narambaɗa, a wurin maƙwabcina an rubuta Sa'idu Faru. Duk kotso da tsohuwar murya, yara sai su ce Narambaɗa ne.

Ummi_Jamia:
Ni ma ina cikin yaran nan. 🙈 Don Allah ta yaya ake bambance kotso da taushi a kunne?

Jikan_Makadi:
Ɗiyata, gidanmu na kiɗi ne, bari in gwada maki. Kotso dogo ne mai siririn ƙugu, baki guda a ka rufe mai da fata, gudan a bar shi buɗe. Tsakiyar fatar ana liƙa wani baƙin danƙo, shi ka ba shi wannan amon mai zurfi. Shina da tsarkiya a jiki, makaɗi na matsa ta shina saki, muryar na hawa tana sauka. Da yatsu a ka buga shi, ba da icce ba. Shi ne na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Taushi kau gajere ne, ƙirar akushi, shi ma da hannu, amma ba a matsa shi, don haka amonshi bai lanƙwasa irin na kotso. Shi ne na Jankiɗi. Kalangu kin san shi, baki biyu, a hammata, da lanƙwasasshen icce, na su Ɗan Anace da Kassu Zurmi da Shata.

Kuma ki saurari 'yan karɓi. Waƙar fada ba ta mutum guda ba ce. Jagora na ɗauko ɗiyan waƙa, wato baiti, kahin ya kai ƙarshe 'yan karɓi sun amshe sun ƙarasa mai, sannan su koma ga gindin waƙa gaba ɗaya. Mutane ne da sunka shekara da shekaru tare, sun san inda za shi numfasa. Wannan ne ba ka iya yi da kwamfuta.

Abin da yas sa mu ba mu gada ba, ba rediyo ba ne. Kakana sarki ka ba shi doki, da riga, da hatsin shekara, in za shi aurad da ɗiya a yi mai komi. Yanzu hakimin kanshi albashi shi ka jira. Wa za shi riƙe makaɗi da mutum bakwai ko takwas bayanshi? Yaro ya shiga situdiyo shi kaɗai, a buga mai fiyano, ya yi wa ɗan takara waƙa, ya hau mota. Ni tela ne yau, kotson gidanmu na rataye, fatar ta tsage.

MaiGabatarwa:
Baba Jikan Makaɗi, wannan bayanin da ka yi shi ne shirin da ya kamata a yi. A sa waƙa, a tsaya, dattijo ya warware wa aka yi wa, wane sarki, me ya faru. In da mai ɗaukar nauyi, gobe zan fara.

Na_Illela:
Ku na birni kun cika kuka. Mu nan bakin iyaka in mun so kiɗin gargajiya sai mu murɗa wajen Nijar. Ƙonni na nan kusa, ga Muryar Sahel daga Yamai, kuma ni dai a kunnena sun hi mu sa goge da gurmi da kalangu. Su ma can Ɗanƙwairo nasu ne, ba su san wata Zamfara ko Sakkwato ba.

Wani abu kuma, FM ɗin ga da kuka yabo ba ta kai ko'ina. Matsakaicin zango shi ne na talakka, musamman da dare, shi ka ratsa daji. A 2021 da anka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama saboda 'yan bindiga, ina memori, ina TikTok? Mai wayar ma sai ya yi tahiya kahin ya kira ɗan'uwanai. Rediyo mai batir ita tar rage ma mutane.

Bagobirin_Isa:
Wanga gaskiya ne, mu mun gani da idonmu gabas. Kuma shi ya ƙara sa ni tambaya. Mutanen da ad da buƙatar rediyon fiye da kowa su ne na ƙauye, su ne kuma masu son kiɗin ga. To shirin wa a ka yi ma?

MaiGabatarwa:
Wanda ya biya, ranka ya daɗe. Ba na jin daɗin faɗa, amma haka ne.

Dan_Gidan_Dambe:
Ni ban yarda kiɗa ya mutu ba. Ku zo gidan dambe da yamma ku gani. Kalangu na tashi, makaɗi na kiran ɗan dambe da taken gidansu, ka ga ƙato na rawar jiki yana kirari. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago har yau in an ɗauko karinta fili sai ya ruɗe. Fada ce ta yi sanyi, fagen dambe da kokawa da ransu.

Hajiya_Mabera:
Da ransu a wurinku maza. Ni dai har yanzu ba wanda ya amsa mini batun waƙoƙin mata.

Ummi_Jamia:
Hajiya, waya ma ta isa ɗauka yanzu. In akwai tsofaffi a unguwarku da suka yarda, ni da ƙawayena mata za mu iya shiga cikin gida. Sai dai a nemi izinin masu gida, kuma wadda ba ta so a sa muryarta a intanet ba za a sa ba.

Malam_Kanwuri:
In za ku shiga, ku tambayi tsofaffin har da waƙoƙin wa'azi da suka haddace. Za ku sha mamaki.

Tsohon_Injiniya:
Shawara ga masu tsofaffin kaset a gida, tunda na ga an fara zancen tarawa. Kada ka ɗauko kaset da ya shekara 30 a akwati ka jefa a rediyo kai tsaye, zai cinye zaren. Sa biro a ramin ka juya a hankali daga farko har ƙarshe, ka duba ko ɗan audugar da ke ƙarƙashin zaren yana nan. In da fumfuna, ware shi daban. Kuma abin da aka rubuta a bayan kwalin, ko da Ajami ne, a ɗauki hotonsa. Sau da yawa wannan rubutun ne kaɗai zai gaya maka wa ya yi waƙar da kuma wa aka yi wa.

Mai_Tura_Waka:
Baba, in an kwafo ni zan gyara sunayen a wurina, amma sauran masu tebur fa? Abin da ya riga ya bazu ya bazu.

DanMaradun:
A dai rubuta garin kowane makaɗi daidai, shi ne nawa.

Manomi_Goronyo:
Salamu alaikum, yanzu na shigo, ban karanta duka ba. An yi ta fada da dambe, ban ga an ambaci kiɗan noma ba. Akwai mai waƙoƙin Maidaji Sabon Birni masu kyan sauti? Nawa duk shuuu suke yi.

Mai_Tura_Waka:
Akwai, amma nawa ma da shuuu ɗin. Ka zo da memori bayan la'asar ka saurara, in sun fi naka ka ɗauka.